Ƙaryar da ke shigowa da sallama

Ƙannena maza da mata, yau a gidaje da yawa ku ne masu babbar waya da data, ku ake juyowa a tambaya "me ake ciki?" duk sanda wata cuta ta ɓulla. Don haka nake so ku saba wa kunnenku da lafazin labarin ƙarya a lokacin annoba. Da sallama yake shigowa. Zai kira ka ɗan uwa, ya haɗa ka da girman Allah, ya ce rai za ka ceta in ka tura shi gaba. Shi ya sa masu tausayi da son zumunci suka fi kowa ɗaukarsa, su kai shi har ɗakin tsofaffinsu.

Da yawanku kuna firamare a 2014. Ranar 20 ga Yulin shekarar wani ɗan Laberiya mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas ɗauke da cutar Ebola. Likitar da ta duba shi, Dokta Stella Ameyo Adadevoh, ta ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi mata, ita ma ta kamu, ta rasu a watan Agusta. Mutum 20 ne suka kamu a duk faɗin Najeriya, 8 suka rasu, dukansu a Legas da Fatakwal, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙasar ta rabu da cutar. Ko mutum ɗaya bai kamu a Arewa ba. Amma tsoro ya iso mana, kuma da shi ƙarya ta yi aiki.

A farkon Agusta, can tsakar dare, wayoyi suka kama ruri. Saƙon da ya shigo mini kusan haka yake cewa: don Allah 'yan uwa kowa ya tashi kafin asuba ya yi wanka da ruwan zafi da gishiri, ya kuma sha, an ce shi ne rigakafin Ebola, ka sanar da duk wanda kake ƙauna. Ban tsaya tunani ba na kira gwaggona, wadda ta daɗe tana fama da hawan jini, likita ma ya sa an rage mata gishiri a miya.

"Gwaggo, ki yi haƙuri na tashe ki. Likitoci sun ce kowa ya sha ruwan gishiri kafin asuba saboda cutar nan."

"To ɗan nan, tunda kai ka faɗa. Allah ya yi maka albarka."

Da hantsi tana kwance a asibiti, amai ya galabaitar da ita, kai na sarawa, jini ya hau. Ma'aikaciyar jinyar da ke ɗaura mata abin awo a dantse ta ce ba ita ce ta farko ba a safiyar. Allah ya tashi kafaɗunta. Wasu ba su tsira ba: an ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu a ƙasar nan saboda shan gishirin, wasu da dama kuma aka kwantar da su.

Ku sake duba abin da na gaya mata. Saƙon ya ce "an ce". Ni na ce "likitoci sun ce". Ban yi niyyar ƙarya ba, so nake ta ɗauki maganar da muhimmanci, sai na ƙara mata nauyin da ba ta zo da shi ba. Haka jita-jita take ƙiba a hanya: kowane baki ya cire mata shakka kaɗan, ya ƙara tabbaci kaɗan, har ta isa ga mutum na goma ta zama umarnin gwamnati. Gwaggo ba ta karanta saƙon waya, ba ta san wanda ya ƙirƙiro shi ba. Muryata ta sani, kuma ita ta amince wa. Yanzu WhatsApp na saka alamar kibiya biyu a kan saƙon da aka yi ta turawa, tun Afrilun 2020 ma ba ya bari a tura irinsa sai ga zaure ɗaya a lokaci guda. Amma in ka karanta ka kira mahaifiyarka ka faɗa mata da bakinka, ko ka naɗi sabon saƙon murya, babu kibiyar da za ta bi shi.

Abin da ya fi hana ni tunani a daren nan shi ne "kafin asuba". An ba ka wa'adi ne don kada gari ya waye ka kunna rediyo ko ka tambayi maƙwabcinka mai aiki a asibiti. Yau salon ya koma "ka tura kafin a goge", "gwamnati ba ta so ku ji wannan". Duk saƙon lafiyar da ya hana ka numfasawa, ka numfasa ɗin. Sai kuma majiya marar suna: "wani babban likita a Indiya", "wata nas da ke aiki a Abuja", "yayan abokina soja ne". A saƙon murya za ka ji mai magana ya yi ƙasa da murya, ya ce shi ma kasada ya yi, ya rantse da wallahi tallahi. Ka tambayi kanka: wane likita, a wane asibiti, yaushe ya faɗa? Rantsuwa ba ta amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Akwai wata jimla da na fi jin tsoro, domin ita ke kwantar da hankalin masu hankali: "ai ko bai yi magani ba, ba zai cutar ba." Ƙaryar annoba takan zaɓi abin da ke madafinmu, abin da muka saba da shi. Gishiri kowa ya san shi, kuma iyayenmu mata sun san ruwan gishiri da sukari yana ceton yaro mai gudawa. Gaskiya ne, amma da awo: rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙananan cokula 6 na sukari a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Saƙon daren nan ya ɗauki sunan ya yar da awon. Gishiri in ya yi yawa a jini yana janye ruwa daga ƙwayoyin jiki, ya kawo ruɗewa da jijjiga, ga mai hawan jini ko ciwon ƙoda kuwa abin ya fi muni. Ita kuma Ebola ta hanyar taɓa jini, amai ko sauran ruwan jikin marar lafiya ko gawarsa take yaɗuwa, wanka da gishiri bai shafe ta ba. Haka aka sake yi a Maris 2020: shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yabi kulorokwin a matsayin maganin korona, mutane suka yi rububinsa a kemis saboda sun san shi tun zamanin zazzaɓin cizon sauro, hukumomin Legas suka sanar da kwantar da waɗanda suka sha fiye da kima.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi wuya, kuma a nan nake roƙonku ku yi adalci. Mutanenmu ba haka kawai suke zargi ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya haɗa da yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, sai a 2009 aka yi sulhu da jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Da aka zo 2003 ana cewa ɗigon rigakafin shan inna na ɗauke da maganin hana haihuwa, maganar ta tarar da zukata a buɗe. Kano ta dakatar da rigakafin sai a Yulin 2004 aka dawo da shi, bayan an samo na ƙasar Indonesiya. Kafin nan cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye. A Fabrairun 2013 aka harbe masu aikin rigakafi 9 a Kano, galibinsu mata masu neman abin kai wa baka. Sai ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna. Abin da ya faru a 1996 gaskiya ne, maganar hana haihuwa ƙarya ce, kuma mai ƙirƙirar ƙarya ya iya jera su a numfashi ɗaya don ta farko ta ɗauki ta biyu. Aikinku ne ku raba su: ku amsa gaskiyar, ku nemi hujjar abin da aka ɗora mata.

Ni ban iya wannan ba da korona ta zo. Zafin abin da ya sami Gwaggo ya sa na zama mai kaushin baki a zauren danginmu. Kawuna ya turo saƙon murya mai cewa babu wata korona, cutar masu hawa jirgi ce, kuɗi kawai ake nema da ita. Na amsa masa a gaban 'ya'yansa da jikokinsa cewa wannan jahilci ne. Bai ce komai ba, ya fita daga zauren. A watan Afrilun 2020 ne masu haƙar kabari a Kano suka fara cewa gawarwaki sun yi yawa fiye da yadda suka saba, dattawa suka yi ta tafiya, bayanin hukuma kuma ya yi jinkiri, jita-jita ta cike gurbin. A daidai lokacin da ya fi kamata in roƙi Kawu ya rage shiga taro, ya sa takunkumi, na riga na rufe ƙofar da zan bi. Gaskiya ce a hannuna, amma ba ta amfane shi da komai ba.

Da a ce na kira shi shi kaɗai, na gaishe shi, na ce, "Kawu, na ji saƙon nan, ni ma ya tayar mini da hankali, bari in bincika in dawo maka", da ya saurare ni. Dattijo ba ya son a kunyata shi a gaban yara, kuma mafi yawan masu turo irin wannan saƙo kare mu suke son yi. Addinin da mai jita-jita ke fakewa da shi ma ya riga ya yi magana: Suratul Hujurat ta umarce mu mu bincika labari kafin mu cutar da mutane cikin rashin sani, hadisi kuma ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗar duk abin da ya ji. Wannan harshe ne da Kawu ya fi ni sani, tunatarwa kawai yake buƙata cikin ladabi.

Wata annobar za ta zo, mashaƙo ma da ya addabi Kano a 2023 cuta ce da allurar yara ke karewa. In saƙo ya shigo, ku duba shafin NCDC, hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta Najeriya, ku saurari labaran rediyo na gaba, ko ku kira wani ma'aikacin lafiya da kuka san sunansa da wurin aikinsa. In an tambaye ku kafin ku tabbatar, ku ce ba ku tabbatar ba tukuna. In kuma kun riga kun tura abu sai ya bayyana ƙarya ne, ku koma ga kowane mutum da kowane zaure da kuka tura wa, ku janye shi da bakinku, ku fara da tsofaffi da masu ciki da masu ciwon da ke shan magani kullum, domin su ne jikinsu ba ya jure gwaji.