Robar fitsari: abin da na koya wajen dattawan da fitsari ya tsaya wa

A asibitin ƙauyen da nake aiki a ƙasar Ringim, da hunturu aka fi kawo mana dattijon da fitsari ya tsaya masa cak. Da dare ake zuwa, a kan babur, an sa shi tsakanin mai tuƙi da ɗansa, yana dafe da mara yana nishi. Ba na taɓa roba sai na tabbatar fitsarin yana ciki hanya ce ya rasa, domin akwai wanda ƙodarsa ce ta daina aiki, shi kuwa roba ba ta yi masa komai. Sai in kwantar da shi in shafa ƙasan cibiya. Cikakkiyar mafitsara kamar an kife ƙwarya take, in an ƙwanƙwasa ba ta amo, in an danna mutum ya zabura.

Daga nan sai tambaya. "Sannu Baba, wane magani ka sha a kwanakin nan?" Sau da yawa maganin mura ne na 'yan talla, mai Piriton a ciki, ko Buscopan, ko tramadol. Waɗannan suna kashe wa mafitsara ƙarfin matsewa, ga shi dama furostet, ƙullutun nan da ke zagaye da hanyar fitsari a ƙasan mafitsara, ya kumbura da tsufa ya ƙuntata hanyar. Taurin bayan gida ma yana jawo haka. Wanda bai kai shekara 50 ba kuwa, nakan tambaye shi a keɓe ko ya taɓa yin ciwon sanyi mai fitar da mugunya, saboda tabon da yake bari yana tsuke hanyar bayan shekaru. Mutumin da ya faɗo daga bishiya ko babur, ga jini a bakin gabansa, ba na sa masa roba ko kaɗan. Wataƙila hanyar ce ta yage, nasa aikin tiyata ne.

'Ya'yansa sai su fita waje. Dattijon da ke jin nauyin ɗansa ba ya sakin jiki, in kuwa ya ɗaure jiki, roba ba ta wucewa.

Roba mai kauri lamba 16 nake ɗauka. Da farko na ɗauka ƙarama ta fi sauƙin shiga, ashe in furostet ne, siririya lanƙwashewa take a ciki, 16 ko 18 ce mai ƙarfin ratsawa. Lamba 12 ta mai tsukakkiyar hanya ce. Bayan wanke wurin da sa safar hannu mai tsabta, ina ɗura man santsi mai kashe zafi mililita 10 a cikin hanyar da sirinji marar allura, in matse bakin, in jira minti 5. Jiran nan shi ne rabin aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Sai in riƙe gaban a miƙe yana kallon sama, in riƙa turawa a hankali. Wajen santimita 15 za ka ji ta tokare. A nan nake cewa, "Baba, ja numfashi, yi kamar za ka yi fitsari," in sauke gaban zuwa cinyoyi, in ci gaba da dannawa kaɗan-kaɗan ba tare da soka ba.

Kuskuren da ya fi tsaya mini a rai a nan yake. Na taɓa ganin fitsari ya ɗigo, na yi hanzarin hura balan-balan ɗin da ke kusa da bakin robar, wanda ke riƙe ta a cikin mafitsara, alhali bakin robar ne kawai ya leƙa mafitsara, balan-balan ɗin yana cikin furostet. Mutumin ya yi ƙara, jini ya biyo gefen roba. Tun daga ranar sai na tura ta har inda ta rabu biyu, na ga fitsari yana gudu, sannan in hura da ruwan haɗa allura mililita 10, idona a fuskarsa. In ya yamutsa fuska, in zuƙe ruwan nan take. Ba na sa ruwan gishiri na ƙarin ruwa, domin yana iya daskarewa a ƙaramar hanyar, ranar cirewa balan-balan ya ƙi sacewa.

In na gwada sau biyu ta ƙi, na haƙura. Ƙarfi sabuwar hanya yake hudawa a cikin nama, wanda zai karɓe shi a gaba ma ya sha wuya. Idan tafiya da nisa, mafitsara tana taɓuwa sarai, kuma ba a taɓa yi masa aiki a mara ba, ina zuƙe fitsarin da allura a tsakiya, yatsu biyu sama da ƙashin mara, ya samu sararin kaiwa Dutse ko Kano inda za a sa masa roba ta mara.

Abin da ya fito a minti 15 na farko ina aunawa in rubuta. Wanda ya haura lita 1, musamman in mutumin bai ji zafi sosai ba, alama ce toshewar ta daɗe kuma ƙila ta taɓa ƙoda. Irin wannan ba ya komawa gida a daren: in yana zubar da fiye da mililita 200 a awa har awa biyu a jere, ruwan jikinsa zai iya ƙarewa, dole a bi hawan jininsa a kuma gwada ƙodar. Mai zazzaɓi da rawar ɗari shi ma kwanciya ce da allurar kashe ƙwayoyin cuta.

Saura ina ba su tamsulosin, maganin da ke sassauta hanyar fitsari, miligiram 0.4 kullum da dare, in gargaɗe su da jiri: in za a tashi sallar asuba, a fara zama a bakin gado. Bayan kwana 3 zuwa 7 ya dawo da safe in cire robar, ya sha ruwa, ya zauna a inuwa har ya yi fitsari sau biyu, in sake shafa marar. In ya kasa, roba ta koma, in rubuta masa takarda zuwa asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ko cibiyar Abubakar Imam da ke Kano. Ina duba furostet da yatsa ta dubura. Mai tauri da gudaji-gudaji ba ya jiran komai, tura shi nake. Gwajin PSA kuwa, gwajin jini na duba furostet, ba a ranar ake yi ba, toshewar kanta tana ɗaga shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda ya ji sauƙi ya ɓace. Robar ruwan ɗorawa da muke samu ba ta wuce mako 4, amma an dawo mini da wadda ta yi wata 5, ta yi ɓawo fari kamar kanwa, fitsarin yana wari. Don haka yanzu babban ɗan nake kira in nuna masa da hannu: jakar fitsarin a ƙasa da mara kullum, kada ta taɓa ƙasa, kada robar ta naɗe a cikin wando, a wanke bakin gaban da sabulu, a sha ruwa sosai. Dattawa sukan tambayi alwala, in ce su je wa liman, hukuncin mai yoyon fitsari sananne ne. Ranar canji kuma da ranar kasuwarsu nake haɗa ta, in rubuta a katin, in sake rubutawa da biro a jikin filastar da na manne robar a cinya.