Ranar Da Injin Lesa Ya Manta Gidansa

A shagonmu da ke Kano muna yanka akirilik (roba mai kama da gilashi) da falawud da fata da injin lesa: allunan karramawa, katin gayyatar biki, haruffan gaban shago, da zanen fata na masu takalma. Injin ɗan China ne daga birnin Jinan, teburinsa milimita 1300 a tsawo, 900 a faɗi, kwamfutar cikinsa kuma ta kamfanin Ruida. Mai kawo aiki hasken da ke cin roba kawai yake kallo. Ni kuwa da safe ba hasken nake fara dubawa ba, kunne nake kasawa in ji yadda kan injin, wato ɓangaren da ke yawo yana fitar da hasken, zai koma gida.

Gida shi ne lungun da kan yake tafiya da zarar an kunna. Zai matsa har ya kusanci ɗan sensa, na'urar da ke jin isowarsa, ya ja baya kaɗan, ya sake matsowa a hankali, sannan ya tsaya. Daga wannan lungun yake fara ƙirge. Inji irin nawa ba ya ganin inda kansa yake. Moton da ke jan bel taku yake yi, yawancinsu taku 200 a juyi ɗaya, direba kuma, wato na'urar da ke sarrafa moton, ya daddatsa kowane taku zuwa ƙanana. Kwamfuta tana ƙirga takun da ta aika ne, ba ta da labarin wanda ya isa da wanda ya zube a hanya. Kamar makaho ne da ya haddace taku nawa ne daga ƙofar gida zuwa masallaci: in ka gusar masa da ƙofar, ko santsi ya ɗebe shi sau ɗaya, sauran lissafin duk ya tashi.

Na fara sana'a a wajen wani ubangidana mai rubutun alluna, lokacin da reza da burushi da kwali su ne kayan aiki. Allah Ya jiƙansa, bai taɓa barin in ɗora fenti ba sai na ja layin ƙasa da zare da alli. Yakan ce, "Yaro, in layin farko ya karkace, ko da zinare ka rubuta sai an gani." Wata shida ina jan layi kafin ya miƙo min burushi. Da na sayi inji na ɗauka na yi sallama da wannan wahalar, ashe layin ƙasan nan yana cikinsa, suna kawai ya sauya.

In kan ya tafi lungu ya daki ƙarfe yana gurnani bai tsaya ba, kashe inji nan take. Sensa ne bai gani ba. Nakan ja kan zuwa tsakiyar tebur da hannu, a hankali, in kunna, in kara bakin sukundireba a fuskar sensan. Irin namu ƙarfe yake ji, kuma yana da ɗan jan haske a jikinsa. In ya haska, yana da rai, sai in duba allon gwaji na Ruida in ga ko saƙon ya iso. In sensa ya haska amma allo bai nuna ba, waya ce ta karye, galibi a cikin sarƙar robar da wayoyi suke bi, wadda take lanƙwashewa duk yini. In kuwa kan ya ƙi zuwa lungu, yana rarrafe yana ƙara nisa da shi, to injin yana zaton ya riga ya taka sensa ne. Ɓurɓushin ƙarfe ne ya manne masa, ko waya ta haɗe.

A nan ne masu sayar da kaya suke ƙona min rai. Na taɓa sayen sensa uku a wajen wani, kwali mai kyau, rubutu tsaf. Biyu ba su kai wata ba, na ukun kuma da rana ta take, shago ya ɗau zafi, sai ya fara gani yana daina gani. Da na koma sai ya ce wutarmu ce. Tun daga ranar nake gwada kowane sensa a gaban mai shi kafin in ƙirga kuɗi.

Amma wanda ya fi koya min darasi ba sensa ba ne. Wata Hajiya ta kawo aikin bikin ’yarta, maƙalan mukulli 300 na akirilik ruwan zinare, suna a tsakiya, saura kwana uku. Layin farko ya fito lafiya. Muna zuwa tsakiyar farantin akirilik sai yarona ya ce, "Oga, zo ka gani, sunan ya bar tsakiya." Kowane layi yana gocewa kaɗan fiye da na bayansa, har yankan ya fara cin harafi. Na rage gudu, na goge layin ƙarfen da kan yake bi, wanda ƙurar hunturu da daskararren hayaƙin falawud suka yi wa kauri, na ɗanɗana bel da yatsa, bai saki ba, bai kuma yi tsauri ba. Faranti na biyu ma ya tafi. Can wajen sha biyun dare na ɗauki alƙalamin maka na ja layi ɗaya daga kan sandar moto zuwa jikin fulin da bel yake hawa, na sa injin ya yi ta kai da komo na minti biyu. Da na haska tocila, layin ya rabu biyu. Ɗan notin da ke riƙe fuli, wanda bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, shi ne ya saki. Alanki, ɗan ƙarfen ɗaure irin wannan noti, ya gyara shi a minti ɗaya. Na sayi sabbin faranti da kuɗina, Hajiya ta karɓi kayanta ranar kamu, ba ko ɗaya mai karkataccen suna.

Shi ya sa ba na son a fara da taɓa saitin da kamfani ya kulle a kwamfutar injin. Lambar sirrinsa, RD8888, kowa ya santa yanzu, kuma masu kiran kansu injiniyoyi can suke fara kutsawa. Sai su jagula tsawon taku, wato nisan da kwamfuta take lissafa wa kowane taku, don su ɓoye bel da ya saki, da'ira ta koma ƙwai. Akwai ma wani saiti da ke zaɓar gefen bugun lantarkin da direba zai ƙirga a matsayin taku, farkonsa ko ƙarshensa. In bai dace da direban ba, aiki yana gocewa kaɗan kaɗan duk lokacin da kan ya juya, ka yi ta zargin moto a banza. Ni na adana saitin injina a filasha guda biyu tun ranar da ya iso. Kuma na kafa sandar tagulla a ƙasa na ɗaure jikin injin da ita, domin bututun lesa da dubban bolt na lantarki yake aiki, hayaniyarsa tana iya rikita saƙon sensa. Masu janareta, ku kula da wannan sosai.

Duk ranar Asabar muna yanka murabba'i mai milimita 100 a kwali. Gefe ya ba da 100, kwana zuwa kwana ya ba da 141.4 ta ɓangarorin biyu. In awon ɓangarorin biyun ya saɓa, gadar da kan yake bi ta karkace, sai a kwance mahaɗin sandar da ke jan bel biyu na gefe a daidaita. Sai bayan ƙarfe da bel sun zauna nake gyara tsawon taku, in akwai buƙata.

Wasu abokan ciniki sukan ce, "Malam, can gaba an yi min rabin kuɗinka." Ba na musu. Nakan ɗauko ƙaramin akwatin falawud da muka yanka, mai haƙora a gefuna, wanda ya haɗu ba gam ba ƙusa, in ce Alhaji gwada cire murfin ka mayar. Yana nan a kan kanta, kusa da ƙofa, duk wanda ya shigo yana iya ɗauka.