Motar gas da ƙarfinta ke ɗaukewa ya dawo

A garejinmu da ke Kano motocin gas, wato masu shan man dizal, muke gyarawa, galibi Hilux da Navara da L200 na 'yan kwangila da masu kai kaya ƙauye. Cikin ayyukan da ke shigo mana babu mai cin rai kamar motar da ke tafiya lafiya lau, sai can a hanya ƙarfinta ya ɗauke, direba ya taka totur har ƙasa ta ƙi gaba. Ya faka, ya kashe, ya sake tayarwa, ta dawo garau. Idan ta iso gareji kuwa, sai ta zauna tana silo kamar ba ita ba.

Wannan kashewa da tayarwar ita ce alamar farko. Motocin gas na yanzu kwamfuta ce ke raba musu mai. Famfo yana matse gas cikin bututu guda da ke ciyar da dukkan injektoci. A silo matsin yana wajen 300 a ma'aunin matsi da ake kira bar, idan an taka ta da kaya sai ya haura 1,000 nesa. Da zarar kwamfutar ta ga matsin da ta nema bai samu ba, ko iskar turbo ta gaza, sai ta rage wa inji ƙarfi don kada ya lalace. An kashe makulli, ta saki. Saboda haka ba na taɓa sifana sai na zaunar da direba, ba mai motar ba, domin Alhaji a gidan baya yake zama.

“Malam, a hawa take yi ko a miƙaƙƙiyar hanya? Da kaya ko fayau? Da sanyin safiya, ko sai inji ya ɗau zafi? Tanki cike, ko mai ya yi ƙasa? Ina ka sha gas na ƙarshe?” Sai kuma hayaƙi. Idan ƙarfi ya ɗauke tana tuttula baƙin hayaƙi, iska ce ta yi mata kaɗan. Idan salansa fes take, mai ne ba ya isowa.

Daga abu mai araha muke farawa, wato filtar gas. Filtar da ta toshe rabi tana wuce man da zai ishi yawon cikin gari, amma ba za ta kai mota saman Hawan Kibo da lodi ba. Mukan zazzage ta cikin kwalba mu ga ko akwai ruwa ko laka. Gas ɗin jarka na bakin titi, musamman wanda aka sirka da kananzir, ba shi da santsin da famfo ke buƙata, a hankali yake cinye shi. Mukan kuma sa farin tiyo da ake ganin cikinsa tsakanin filta da famfo. Idan kumfa na gudu a ciki, layin yana zuƙar iska.

Tanki shi ne inda mutane ba sa tunani. Guntun ledar da ake toshe bakin jarka da ita yakan faɗa ciki, ya yi ta yawo a cikin mai. Wata rana ya manne a bakin bututun da ke zuƙo gas, mota ta shaƙe. Ana kashe inji zuƙa ta tsaya, leda ta saki ta koma yawonta. Motar da ke da wannan za a iya canza mata injektoci huɗu da famfo, kuɗi masu yawa, ta fita ta sake yi a Kwanar Ɗangora. Sauke tanki aikin yara ne na yini guda, kuma ba ya cin kayan gyara ko na sisi.

Kwamfutar bincike muna da ita, amma lambar da take fitarwa shaida ce kawai. P0087 cewa take matsin mai ya yi ƙasa, P0299 kuma iskar turbo ta gaza. Ba ta faɗin wanda ya jawo. Don haka nakan ɗora yaro a gefe da kwamfutar a cinya, mu hau hanyar Zariya, yana kallon matsin da inji ke nema da wanda yake samu, har sai matsalar ta yi a gabanmu. A Hilux mai injin 2KD da Navara mai YD25, sau da yawa ƙaramin bawul ɗin da ke jikin famfon Denso ne, wanda ake kira SCV, yake maƙalewa idan ya yi zafi. Shi kaɗai ake canzawa, ba famfon ba, sannan a saita shi da kwamfuta. Ana samunsa a kasuwar Ƙofar Ruwa, sai dai jabu ya yi yawa, ni da kaina nake zuwa saye.

Ta ɓangaren iska kuwa, tiyon turbo yakan tsage ta ƙasa, tsagar ba ta buɗewa sai an matsa mota. Jirwayen baƙin mai a wurin ne ke tona shi. Ƙurar hunturu tana cika filtar iska ta ɓata sensar da ke bayanta, bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, ya cushe da kunkunniya. Wayarin ma mukan girgiza shi inji na silo, ko wani soket ya saki.

Wahalar sana'ar a wajen biya take. Ka ɓata yini biyu kana farauta, ka zaro leda daga tanki, mai mota ya ce, “To Malam, me ka canza?” A ganinsa kuɗi na kayan gyara ne, binciken kyauta. Shi ya sa yanzu tun kafin a buɗe bonet nake yanke kuɗin bincike daban, man gwaji kuma na mai mota ne. Wanda ya ƙi, ba na riƙe shi. Wanda ya yarda amma motar ta ƙi nuna halinta, nakan sallami direban da sharaɗi biyu: idan ta sake yi ya ɗauki bidiyon dashbod da wayarsa, kuma kada ya bari wani makanike a hanya ya goge lambar kafin ya iso wurinmu.