Abin da ruwan inabi ya jawo mini a wurin aiki

Kwantiragina da furojen yaƙi da tamowa ya ƙare, kuma ban nemi a sabunta ba. Waɗanda muka yi aiki tare a nan Damagaram sun san dalili.

Shef ɗinmu, wato shugabanmu a wurin aiki, shi ne ya dawo daga wani taro da takardar wayar da kai da aka tsara a ƙasar waje, ya ce in mayar da ita Hausa domin mata masu zuwa awon yara da masu ciwon sukari. A ciki an jera ruwan inabi na kwali (mai zaƙi, ba giya ba) da burokoli, wani koren kayan lambu na Turawa, a layi ɗaya, kamar darajarsu guda. Shi kuma ya ƙara da jan biro cewa a fifita ruwan inabin, tunda akwai shi a kanti kuma yara ba sa ƙin sa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a duba lissafin tukuna." Mililita 100 na ruwan inabi na ɗauke da sukari wajen giram 14, harzar da ke gyara ciki kuwa an tace ta an zubar. Giram 100 na ɗanyen burokoli sukarinsa bai kai giram 2 ba, furotin ya kusa giram 3, bitamin C wajen miligiram 89, ga bitamin K da folet da mai juna biyu ke buƙata. Ruwan inabi yana da ɗan fotasiyam, ban hana shi ba, amma bitamin C ɗinsa galibi a masana'anta ake zuba shi. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sukarin ruwan 'ya'yan itace cikin wanda ake so a rage, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wajen giram 50 ke nan ga babba. Babban kofi ɗaya ya haura giram 30. Wannan za mu miƙa wa mai ciwon sukari?

Ya ce, "Yarinya, fassara aka sa ki, ba gyara ba." A gaban kowa.

Abin da ya fi ci mini rai, shi kansa burokolin ba abincinmu ba ne. Matar da ta zo daga ƙauye da jika ɗaya a ƙullin zane, ina za ta gan shi? Na tsara jadawali, na kawo shawarar a sa kabeji, wanda danginsu ɗaya, da zogale da yakuwa da rama, abin da ake kasawa a kasuwar Dole kuma ake nomawa a lambunan Mirriya. Aka cire ni daga fita ƙauyuka, aka ajiye ni kan cika rajista. Da baƙi masu sa ido suka zo suka yi tambaya kan sukarin, sai ga jadawalina a rahoto, da zogalen da komai, sunan wani a ƙasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Darussan da zan bar wa wadda za ta gaje ni gajeru ne: ki riƙe kwafin duk abin da kika rubuta da kwanan wata, ki gaya wa mata kada su dafa ganye ya lugwigwice su zubar da ruwan.

Wadda za ta gaje ni, jadawalin yana kwamfutar ofis. In kin ga kuskure a takardar shef, same shi shi kaɗai bayan la'asar, ki bari ya zaci shi ya gano.