Karayar da Ba Ta Nuna Kanta: Yadda Ake Gane Ƙashi Ya Karye a Jikin Babba da Yaro

Duk inda mutum ya faɗi ya ji ciwo a hannu, da wuya a rasa wanda zai matso ya ce masa, "Motsa yatsunka mu gani." Idan yatsun suka motsa, sai kowa ya yi ajiyar zuciya, a ce ai targaɗe ne, a shafa man zafi a ɗaure wurin da ƙyalle. Haka ma idan a ƙafa ne, muddin mutum ya iya miƙewa ya taka, an yanke hukuncin cewa babu karaya. A ganina babu wani gwaji da ya kai wannan yaudarar mutane, domin jijiyoyin da suke jan yatsu sun taso ne daga tsokar da ke can sama kusa da gwiwar hannu, kuma suna iya ci gaba da aikinsu ko da ƙashin wuyan hannu ya tsage. A ƙwauri kuwa ƙasusuwa biyu ne, babba da siriri, kuma siririn kaso kaɗan ne na nauyin jiki yake ɗauka, don haka mutum yana iya karya shi ya taka har gida da ƙafarsa.

Karayar da ta fito fili ba ta buƙatar dogon bayani. Idan hannu ya lanƙwashe a inda babu gaɓa, ko ƙafa ɗaya ta gajarce, ko kan ƙashi ya huda fata ya leƙo, ko mutum ya ji ƙarar ɓallewa a lokacin da ya faɗi sannan yana jin wani gurzawa a ciki duk lokacin da wurin ya motsa, kowa ya san asibiti za a nufa. Wadda ta fi damuna ita ce karayar da take ɓoyewa a bayan ɗan kumburi, wadda ake jinya a gida mako biyu ko uku kafin a gane cewa ba targaɗe ba ne.

Alamar da ta fi amfani ga wanda ba likita ba ita ce gano takamaiman wurin da zafin yake. Ka sa mai ciwon ya zauna, ka ce ya nuna maka inda ya fi jin zafi da yatsa ɗaya tak. Mai targaɗe yakan shafa wurin da tafin hannunsa baki ɗaya, ya ce nan duka ne, domin ciwon yana cikin jijiyoyin da suka ɗaure gaɓa da naman da ke kewaye da ita. Mai karaya kuwa sau da yawa yakan ɗora yatsansa a kan ƙashin kansa. Daga nan sai ka fara latsawa a hankali daga nesa da ciwon, kana bin ƙashin kana matsowa, idonka yana kan fuskarsa ba a kan hannunka ba. Idan ka iso wani wuri a kan ƙashi ya zabura ya janye, alhali naman da ke gefen wurin bai yi masa zafi haka ba, to ka ɗauka karaya ce har sai hoton ƙashi ya nuna akasin haka. Kumburi da kwanciyar jini a ƙarƙashin fata ba sa raba gardama, domin ana samun su a targaɗe da karaya duka, kuma a jikin mai duhun fata kwanciyar jinin ba ta cika bayyana da wuri ba, sai dai a ga wurin ya ƙara duhu ko yana sheƙi.

Game da idon sawu, wanda ya fi kowace gaɓa yawan targaɗe, wasu likitocin gaggawa a birnin Ottawa na ƙasar Kanada sun fitar da ƙa'ida a shekarar 1992 wadda asibitoci da yawa suke aiki da ita har yanzu. Taƙaitaccen bayaninta shi ne, ana buƙatar hoto idan mutum ya kasa yin taku huɗu a lokacin da ya ji ciwon da kuma lokacin da ake duba shi, ko kuma idan akwai zafi a kan ƙwallon idon sawu na ciki ko na waje, musamman a gefensa na baya har zuwa santimita 6 sama. A lura cewa ko da mutum ya yi takun, zafi a kan ƙashin kaɗai ya isa a ɗauki hoto.

Akwai wani ƙaramin ƙashi a wuyan hannu, a gindin babban yatsa, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Idan ka ɗaga babban yatsanka sama za ka ga wani ɗan rami ya fito tsakanin jijiyoyi biyu a gefen wuyan hannu, to ƙashin yana ƙarƙashin wannan ramin. Matasa da suka faɗi suka dafa ƙasa da tafin hannu su ne suka fi karya shi, kuma ba ya kumbura sosai, ba ya hana motsa yatsu, sannan sau da yawa hoton farko ba ya nuna tsagewar. Shi ya sa likita yakan ɗaure hannun ko da hoto bai nuna komai ba, ya ce a dawo bayan kwana 10 zuwa 14 a sake ɗauka. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne, jinin da ke ciyar da ƙashin ta gefe ɗaya yake shiga, idan karaya ta yanke hanyar sai ɗaya ɓangaren ya rasa jini ya mutu, mutum ya wayi gari da ciwon wuyan hannu na tsawon rayuwa a kan faɗuwar da bai ɗauka a bakin komai ba.

A jikin tsofaffi lissafin yakan canza, domin ba a auna haɗarin da girman faɗuwar. Ƙashi yana rage ƙwari da shekaru, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada, har ya kai ga zamewa a banɗaki ko faɗowa daga bakin gado sun isa su karya ƙugu. Idan dattijuwa ta faɗi ta kasa tashi, a duba ƙafafunta a kwance: idan ɗaya ta ɗan gajarce kuma tafinta ya juya waje, wannan karayar ƙugu ce kusan babu shakka. Amma akwai waɗanda kan ƙashin yake cusuwa cikin ɗan'uwansa, su ci gaba da takawa suna ɗingishi, suna kukan ciwo a matsematsi ko ma a gwiwa, a yi ta shafa magani a gwiwar alhali ciwon yana sama. Ƙashin baya ma yana iya durƙushewa ba tare da faɗuwa ba, wani lokaci daga ɗaga kaya ko tari mai ƙarfi, kuma alamarsa ciwon baya ne na farat ɗaya da ke ƙaruwa a tsaye ya lafa a kwance, sai kuma a ga tsawon mutum yana raguwa yana rankwafewa a hankali.

Karayar haƙarƙari ana gane ta da zafi a wuri guda wanda yake soka idan an ja dogon numfashi, an yi tari ko dariya. Masu gudu da sojoji masu doguwar tafiya kuwa suna samun siririyar tsagewa a ƙwauri ko ƙasusuwan tafin ƙafa ba tare da wani haɗari ba, ciwon yana zuwa da aiki ya tafi da hutu, har ranar da zai ƙi tafiya.

Batun yara shi ne ya fi buƙatar natsuwa, domin ƙashin yaro ba ƙaramin ƙashin babba ba ne, wani abu ne daban. Babba yana da ƙasusuwa 206, jariri kuwa ana haifarsa da kusan 300, da yawansu guringuntsi ne da zai ƙafe ya haɗe daga baya. Ƙashin babba kamar busasshen itace yake, idan ya ji nauyi sai ya ɓalle gida biyu, na yaro kuwa kamar ɗanyen reshe ne, yana lanƙwasawa ya tsage ta gefe ɗaya, ɗaya gefen yana nan a haɗe. Wani lokaci ma ba ya tsagewa, sai dai ya ɗan tattare ya yi tudu kusa da wuyan hannu. A irin wannan hannun ba ya karkacewa, kumburin kaɗan ne, yaron yana iya daina kuka cikin ɗan lokaci ya koma wasa.

To da me za a gane? Da abin da yaron ya daina yi. Yaro ba ya iya bayani, amma ba ya ƙarya da jikinsa. Ka miƙa masa abin wasan da yake so ta ɓangaren hannun da ake zargi, idan ya juyo da jikinsa gaba ɗaya ya karɓa da ɗaya hannun, ya bar wancan a maƙale a ƙirjinsa, ka samu amsa. Yaron da ya fara tafiya, daga wata 9 zuwa shekara 3, yana iya samun siririyar tsagewa a ƙwauri daga murɗewar ƙafa da ba wanda ya lura da ita, sai kawai a ga ya koma rarrafe, ko idan an tsayar da shi ya naɗe ƙafa ɗaya ya ƙi sauke ta. Ana yawan fassara wannan da rigima ko son a ɗauke shi, ni kuwa ban yarda yaron da ya ɗanɗani daɗin tafiya zai bar ta haka kawai ba.

A ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro akwai wani faifan guringuntsi, wanda daga nan ne ƙashin yake ƙara tsawo har zuwa balaga. Wannan wurin ya fi jijiyoyin gaɓa rauni, don haka irin murɗewar da za ta jawo wa babba targaɗe tana iya tsaga wa yaro wurin girman. Likitoci biyu 'yan Kanada, Robert Salter da Robert Harris, sun kasa irin wannan karayar gida biyar a shekarar 1963, kuma wasu daga cikin nau'o'in suna iya sa ƙashi ya daina tsawo ko ya girma a karkace idan ba a gyara su da kyau ba. Saboda haka ina ganin bai kamata a yi saurin kiran ciwon gaɓar yaro targaɗe ba. Gwiwar hannu ta fi ko'ina haɗari, musamman ga 'yan shekara 5 zuwa 7 da suka faɗo daga sama, domin babbar jijiyar jini tana bi ta gaban wurin da ƙashin yake karyewa. Akwai kuma abin da yake kama da karaya amma ba ita ba ce: idan aka fizgi hannun yaro ɗan ƙasa da shekara 5, wata jijiya a gwiwar hannunsa tana iya zamewa, ya saki hannun a miƙe ya ƙi amfani da shi ba tare da kumburi ba. Likita yana mayar da ita cikin ɗan lokaci, amma shi ya kamata ya tantance.

Jaririn da ya sha wahalar haihuwa yana iya karya ƙashin da ya tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗa, a ga ba ya ɗaga hannu ɗaya, bayan mako ɗaya ko biyu a ji ɗan ƙulli a wurin, wanda alama ce ta warkewa. Amma jaririn da bai fara rarrafe ba idan ya karye ba tare da sanannen dalili ba, dole ne a bincika, ko dai akwai cutar da ta raunana ƙashinsa, ko kuma wani yana cutar da shi. Idan kuma ciwon ƙashi ya zo tare da zazzaɓi babu faɗuwa, a yi tunanin ƙwayar cuta a cikin ƙashi ko tashin ciwon sikila.

Wasu alamomin ba a jira gari ya waye a kansu. Idan yatsun da ke ƙasa da ciwon suka yi sanyi, suka koɗe, ko suka sage mutum ya daina jin taɓi, to jini ko jijiya ta matsu. Ka danna farce har ya yi fari ka saki, ya kamata launinsa ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Zafin da yake ta ƙaruwa duk da an sha magani, tsoka ta yi tauri, kuma miƙar da yatsu yana sa mutum ihu, alama ce cewa kumburi yana shaƙe tsokar daga ciki, kuma cikin sa'o'i kaɗan tana iya mutuwa. Karayar cinya kaɗai tana iya zubar da fiye da lita ɗaya ta jini a ciki ba tare da an ga ko ɗigo ba, don haka jiri, gumi mai sanyi da saurin bugun zuciya abin tsoro ne. Wanda ya bugu a kai kuma ruwa garai-garai yana fita ta hancinsa ko kunnensa, ko jini ya kwanta a kewayen idanunsa ko bayan kunnensa, da wanda yake kukan wuya bayan haɗari, ba a ɗaga su a zaunar, ba a juya musu kai.

Kafin a isa asibiti aikin mai taimako kaɗan ne: kada ya ja, kada ya miƙar, kada ya murza. A tallafi gaɓar yadda aka same ta, a sa katako ko kwali mai kauri da ya wuce gaɓar sama da ta ƙasa, a ɗaure ba da ƙarfi ba. A cire zobe da agogo tun kumburi bai hana ba, a ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tawul na minti 15 zuwa 20, idan akwai rauni a buɗe a rufe shi da ƙyalle mai tsabta ba tare da tura ƙashin ciki ba. Kada a ba mai ciwon abin ci ko sha, domin ana iya buƙatar yi masa allurar barci. Idan kuma an ɗauki hoto an ce babu komai, amma bayan mako guda zafin yana nan a kan ƙashin ko yaron bai koma amfani da gaɓar ba, a koma a nemi a sake dubawa, domin guringuntsi ba ya fitowa a hoton, kuma siririyar tsagewa takan bayyana ne bayan sabon ƙashi ya fara taruwa a bakinta.