Kaskon ruwa ɗaya, da baƙin da yake janyo wa gida a Yamai

Mai son ganin tsuntsaye da ƙananan dabbobi a gidansa, har ya ɗauke su hoto, ba kyamara zai fara nema ba. Ruwa zai fara tanada. A Yamai, daga ɗaukewar ruwan sama wajen farkon Oktoba har zuwa Yuni, duk mai rai a unguwa neman inda zai jiƙa maƙogwaro yake, balle a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Gidajen bakin kogin Isa, irin na Gamkalle da Saga, suna da rangwame. A unguwannin da ke nesa da kogi kuwa, kasko ɗaya a inuwa ya ishi tara tsuntsayen layi gaba ɗaya.

Kaskon ƙasa ya fi, mai faɗin santimita 30 zuwa 40. Faranti na ƙarfe yana zafi da rana, na roba kuma santsi gare shi, ƙafar tsuntsu ba ta kama shi. Kada zurfin ruwan ya wuce santimita 3, kuma a sa faffaɗan dutse a tsakiya wanda kansa ya ɗan fito, domin ƙananan tsuntsaye ba sa shiga ruwan da ba su ga ƙasansa ba. A ajiye shi ƙarƙashin bedi ko mangwaro, amma a bar tazarar mita biyu tsakaninsa da tarin itace ko duk wani lungu da kyanwa za ta iya laɓewa. Wanda ya manta da wannan, kyanwar maƙwabta ya girka wa abinci.

Sai dabaru biyu da ke sauya komai. Ta farko, a huda gorar roba da allura, a cika ta, a rataye bisa kaskon tana ɗiga. Motsin ruwa da ƙararsa na kiran tsuntsu daga nesa fiye da ruwan da ke kwance. Ta biyu, a kafa busasshen reshe mai kaurin yatsa kusa da kaskon, ya ɗara shi tsawo da kamar santimita 40. Kusan kowane tsuntsu sai ya fara sauka a kansa, ya duba hagu da dama, kafin ya sauko. A kan reshen nan ake samun hoton kirki, ba a bakin kasko ba.

Kullum da safe a zubar da ruwan jiya, a goge kaskon da soso ba tare da sabulu ba, sau ɗaya a mako kuma a shanya shi ya bushe ƙarau. Sauro na iya kammala girma daga ƙwai cikin kwana 7 zuwa 10, ruwa mai datti kuma yana yaɗa ciwon maƙogwaro tsakanin kurciyoyi. Abinci kuwa, tafi ɗaya na hatsi ko tsaki ya isa. Ban da ragowar tuwo da miya. In aka yawaita, ɓera da gafiya za su zo da dare, maciji kuma ya biyo sawunsu.

Kurciya da gwara ne ke fara zuwa, wani lokaci sai bayan kwanaki. Daga baya ba'u ya bayyana, ɗan mitsitsin nan da bai wuce santimita 10 ba, namijin ja, macen ruwan ƙasa da ɗan ja a gindin wutsiya. In ka ga wani ɗan baƙi mai sheƙi, mai farin baki da jajayen ƙafafu yana bin su, ba ɗan uwansu ba ne: macensa a sheƙar ba'u take zuba ƙwai, ta bar musu reno. Asisi shuɗin ƙirji gare shi, kuma namijin kaɗai ke da jan ɗigo a kunci. Marai yakan ruɗa masu koyo, domin rawayar rigar namijin da baƙin kansa na damina ne. Da rani sai ya koma kamar macen. Cilakowa da tsirya sun fi son saman itace, sai a ɗaga kai. Shamuwa kuma ba ta kasko ba ce, amma ganinta bisa dogayen itatuwa, kowa ya san damina ta ƙarato.

Hasken da ya fi kyau shi ne na awa ɗaya da rabi bayan fitowar rana, da na bayan la'asar. Ka zauna rana na bayanka. Ka sa idon kyamara daidai da tsawon reshen, kada ka ɗauka daga sama. Sannan ka duba abin da ke bayan tsuntsun: bango ko ganye su kasance nesa da mita 3 zuwa 5, su narke su zama launi kawai. Igiyar shanya da bokitin roba sun ɓata hotuna fiye da rashin tsadar kyamara.

Mai salula kada ya wahalar da kansa da zuƙowa da yatsu, hoton farfashewa yake. Gara ya kafa wayar a kan ƙafa uku ko tsakanin bulo biyu, rabin mita zuwa mita ɗaya daga reshen, ya danna wurin ya riƙe har saitin ya kulle, ya kunna bidiyo, ya koma ɗaki. Daga baya sai ya ciro hotuna daga bidiyon. A inuwa za a kafa ta, domin a bazara waya takan yi zafi ta katse ɗauka da kanta.

Mai babbar kyamara, gilashin milimita 300 ya wadatar in yana mita 3 ko 4, a bayan tabarmar da aka huda wa ƙofar leƙe. Saurin ɗauka kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa, ga tsuntsu mai wanka ko tashi kuwa 1/2000. Buɗewar gilashi f/5.6 zuwa f/8. ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, 400 zuwa 1600 gwargwadon inuwa. A saita kan idon tsuntsu. In hoton ya fito dishi-dishi ko'ina, saurin ne ya yi kaɗan. In reshe ya fito tas amma tsuntsun bai fito ba, kyamara ce ta zaɓi wurin saiti da kanta, sai a mayar da ita kan ɗigo ɗaya. Lokacin hazo, daga Disamba zuwa Fabrairu, kada a sauya gilashi a waje. Ƙurar da ta shiga ciki ita ce baƙaƙen ɗigon da ke fitowa wuri ɗaya a kowane hoto.

Ƙadangare ya fi kowa sauƙi: namijin mai jan kai yana da wurin da yake shan hantsi kullum, sai ka riga shi zuwa. Hawainiya a bar ta a reshenta, in aka taɓa ta duhu take yi ta kumbura. Da dare akwai tsaka a gindin fitila tana farautar ƙwari, kuma ba ta da dafin da ake laƙaba mata. Bushiya da kwaɗi sukan zo kaskon bayan isha'i. Fitilar hannu mai rauni ta isa, amma a sa takalmi rufaffe saboda kunama. Gidan da ake fesa piya-piya a shuke-shuke ba zai ga yawancin waɗannan ba, tunda ƙwarin da suke ci sun mutu.

Sheƙa mai ƙwai ko ƴaƴa, a ɗauke ta daga nesa, kada a kakkarya ganyen da ya rufe ta, domin hankaka na kallo. A ja kunnen yara masu danƙo tun ranar da aka ajiye kasko. Dogon gilashi kuma kada ya leƙa bisa katanga: in tsuntsun ya koma itacen maƙwabta, a sauke kyamara a jira shi ya dawo reshe.