Inda Na Kai da Rufin Bayan Motar Kawu

'Yan'uwana masu koyon ɗinkin tamfol, ina gaishe ku da aiki. Wata takwas ke nan tun da na ɗinka rufin bayan mota na farko da hannuna, kuma tun da yake duk tafiyarmu ɗaya ce, na ga ya dace in faɗa muku inda na kai da wuraren da na yi tuntuɓe. Motar da nake koyo a kanta ta kawuna ce, Toyota Hilux mai ƙofa huɗu, wadda yake jigilar gero da wake da ita tsakanin Katsina da Daura, wani lokaci ya tsaya a Mashi ya ƙara kaya. Bodin bayanta bai fi mita ɗaya da rabi a tsawo ba, faɗinsa ma kusan haka ne, saboda haka ba babban aiki ba ne idan aka kwatanta da rufin tirela, amma ya ishe ni darasi.

A watan Mayu na sayi tamfol mai kauri, irin wanda aka shafe zarensa da robar PVC ciki da waje, domin na riga na ga yadda shuɗin nan mara nauyi yake komawa gari a rana kafin shekara ta zagayo. A lokacin na ɗauka cewa kauri shi ne komai. Na auna, na yanka, na haɗa ƙyalle biyu da ɗinki a tsakiya, na buga zobban ƙarfe a gefe, na shimfiɗa shi a kwance daga wannan bango zuwa wancan kamar tabarma. Maigidana ya zagaya motar sau ɗaya, ya danna tsakiyar rufin da tafin hannunsa, sannan ya ce, "Yaro, ina ruwa zai bi?" Na ce masa ai ruwa ba ya ratsa wannan tamfol, ya yi murmushi ya koma kan kekensa.

Amsar tambayar ta zo a watan Agusta. An kwana ana ruwa, da gari ya waye muka tarar da tafki a bayan motar, rufin ya lotsa har ya kwanta a kan buhuna. Ku yi lissafin da ni, domin shi ne ya buɗe mini ido. Faɗin rufin ya kai murabba'in mita 2.25, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 2 ba a kan wannan fili ya kai lita 45, wato kilo 45, kusan nauyin buhun siminti. Abin da ya fi muni shi ne, da zarar tsakiya ta fara lotsawa sai ruwa ya ƙara taruwa a wurin, nauyin ya ƙara jan tamfol ɗin ƙasa, haka nan abin yake ciyar da kansa har sai wani wuri ya saki. A nawa rufin, ɗinkin tsakiya ne ya saki, ruwa ya bi ta hujin allura ya jiƙa buhu biyu na gero. Kawu bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ɗana, magina ma ba sa yin soro babu indararo."

Daga wannan magana na fara gyara. Na kai motar wajen mai walda ya lanƙwasa mini bututun ƙarfe uku kamar baka, kowanne tsakiyarsa ta ɗaga sama da gefen bodi da kimanin santimita 8, aka yi musu mazauni a kan bangon bodin yadda za a iya cire su idan kaya ya yi tudu. Ɗan tudun nan kaɗai ya isa ya sa ruwa ya gangare dama da hagu. Kafin in ɗora tamfol sai da na shafa wa ƙarafan fenti, sannan na zura kowanne a cikin tsohon tiyo, saboda ƙarfe tsirara yana goga tamfol daga ciki a duk lokacin da mota ta faɗa rami, kuma tsatsarsa tana barin tabon da ba ya wankuwa.

Sai batun ɗinki, wanda a nan ne na fi jin kunya. Na yi amfani da zaren auduga da ya saura daga wani aiki, na kuma matse takun keken yadda hujin allura ya jeru kusa da kusa, ina ganin hakan ya fi ƙarfi. Ashe auduga tana shan ruwa ta kai shi ciki, kuma tana ruɓewa, huji masu yawa kuwa layin yagewa suke zama, kamar takardar rasit da aka yi wa ɗigo-ɗigo don a yage ta. Da na sake aikin, na ɗauki zaren poliyesta mai kauri, na buɗe takun ɗinkin, na kawar da haɗin daga tsakiya zuwa kan gangaren gefe, na kuma sa ƙyallen sama ya hau kan na ƙasa kamar yadda ake jera kwanon rufi. Bayan haka na bi ɗinkin daga ciki da gam na PVC, na manna masa siririn ƙyalle. Ruwan Satumba bai sami hanya ba.

Matsala ta biyu iska ce ta kawo ta. Kawu ya dawo daga Daura wata ranar da yamma, zobba huɗu na gefen dama sun fizge, bakin tamfol ɗin ya yi geza. Ya ce tun da ya fita gari rufin yake kaɗawa a bayansa kamar ana buga ganga. Da na zauna na duba, na gane kuskure uku ne suka haɗu. Na buga zobban a kan ƙyalle ɗaya ba tare da ninki ba, na bar tazara mai yawa a tsakaninsu, sannan na ɗaure su da igiyar da ba ta miƙewa, don haka duk fizgar da iska ta yi a kan zobe take ƙarewa. Na samo tsofaffin bel na kujerar mota daga wajen masu sayar da kayan gyara, na sa su a cikin ninkin baki na ɗinke, na sake buga zobba a kan wannan kauri, tazarar santimita 25 tsakanin kowane biyu. Igiya kuma na maye gurbinta da robar da ake yankowa daga tiyub ɗin taya, wadda take ba da kai idan iska ta ja, ta dawo da rufin wurinsa idan ta saki. Bakin gaba, wanda yake bayan gilashin direba, shi ne ƙofar da iska take shiga ta kumbura rufin, saboda haka na danne shi da faffaɗan ƙarfe da noti, ban bar shi ga zobe ba ko kaɗan. A ganina duk wanda zai koyi wannan sana'a ya fara da bakin gaba, domin rufin da yake kaɗawa ba ya kai shekara, komai tsadar tamfol ɗinsa.

A watan Oktoba wani ƙarfe da aka ɗauko ya huda rufin, yagewa mai tsawon ɗan yatsa. Wannan ne facina na farko da ya zauna, kuma ga yadda maigidana ya tsaya a kaina na yi shi. Na wanke wurin da sabulu na bar shi ya bushe sarai, na ɗan goga shi da sanfefa mai laushi har ƙyallin ya dushe, sannan na yanko faci daga ragowar tamfol ɗin yadda zai wuce yagewar da santimita 5 ta kowane ɓangare. Da na miƙa masa facin mai kusurwa huɗu, sai ya karɓi almakashi ya zagaye kusurwoyin, ya ce daga tsini ne faci yake fara ɗagowa. Na shafa gam a fuskokin biyu, na jira har ya daina bin yatsa, na manna, na murza da gindin kwalba daga tsakiya zuwa baki don iska ta fita, na ɗora bulo a kai ya kwana. Washegari na yi wa ɓangaren ciki irin wannan. Gam ɗin faci na taya bai dace da wannan aiki ba, na gwada shi a kan ragowar ƙyalle, ya ɓalle cikin kwana biyu.

Na taɓa samun damar duba wani rufin bayan mota na ƙasar waje mai naɗewa, wanda ake yi da alminiyom, a motar wani da ya kawo gyaran kujera. Kyakkyawa ne, amma shi ma yana da nasa ciwon: maƙalan da suke riƙe shi a bango suna kwancewa a hanya mai gargada idan ba a bin su da sifana, kuma ƙananan tiyo da suke fitar da ruwa daga kwatarsa suna toshewa da ƙasa. Ga mai ɗaukar buhuna da suke wuce tsayin bodi, ban ga amfaninsa ba.

Yanzu muna cikin hunturu, kuma ya zo da nasa karatun. Robar tamfol tana saki idan ta sha rana, tana tsukewa idan ta ji sanyi, shi ya sa rufin da na ja sosai da tsakar rana a watan Nuwamba ya wayi gari a Disamba yana neman fizge zobba da asuba. Na koyi daidaita shi da hantsi, lokacin da babu zafi babu sanyi sosai, in bar wa robar tiyub sauran aikin. Haka kuma na daina naɗe shi da sassafe yana a sandare, domin a kan ninki yake fara tsagewa. Wani abokin Kawu ya ba shi shawarar a shafa wa rufin baƙin mai don ya yi laushi, na roƙe shi kada ya yi, saboda mai da fetur da kalanzir suna janye sinadarin da yake sa robar ta yi taushi, ta yi sheƙi na mako ɗaya sannan ta bushe ta farfashe. Ruwa da sabulu mara ƙarfi da soso sun isa, sai kuma ajiye motar a inuwa idan an samu, musamman idan bazara ta zo zafi ya haura digiri 40. Ni ma na yi irin wannan kuskure a wani wuri: na cika sakatar ƙofar baya da giris, ƙurar hunturu ta manne masa ya koma kamar taɓo mai yashi, har sakatar ta ƙi motsi. Na wanke ta tas, yanzu kyandir kawai nake goga mata.

Ƙura ce abin da har yau ban gama da shi ba. Rufin yana zaune daram, amma idan Kawu ya bi hanyar da ba kwalta sai a tarar da jar ƙasa a kan buhunan da suke baya. Dalili shi ne, motar da take gudu tana barin guguwar ƙura a bayanta, kuma duk wata kafa da take jikin ƙofar baya tana zuƙo ta ciki. Don in gano kafofin, na kunna tocila na ajiye a cikin bodin bayan sallar isha'i, na rufe komai, na zagaya ina duba inda haske yake fitowa, ina yi wa wurin alama da alli. Haske ya fito ta gefen ƙofar biyu da kuma ƙasanta. Na manna robar da ake sa wa bakin ƙofar mota a gefe da ƙasa, amma ban taɓa ƙananan hujin da suke kusurwoyin gaban bodi ba, domin an yi su ne don ruwa ya fita, sai ma na sa waya na zaƙulo ƙwayoyin wake da suka toshe su.

Ɓangaren dama ya rufu, na ƙasa ma haka. Kusurwar hagu ce ta ƙi, saboda ƙofar ta taɓa cin karo ta ɗan karkace, kafar da take sama ta fi ta ƙasa faɗi, robar da ta cika ƙasa ba ta kai sama ba, wadda ta cika sama kuma tana hana ƙofar kullewa. Na yanko roba biyu masu kauri daban ina gwada haɗa su a jere, idan hakan bai yi ba zan roƙi Kawu ya bar mini motar yini ɗaya in kai ta wajen mai gyaran bodi ya miƙe ƙofar kafin in sake manna komai. Duk wanda a cikinku ya taɓa cin karo da karkatacciyar ƙofa irin wannan, ina son jin yadda ya yi da ita.